Masu Barcin Rana

Rana tana barin hoton taga a bayan labule. Ba kowa ya san haka ba, don mutane gaban labule suke kallo. Amma duk labulen da ya shekara biyu a rataye, in aka juya shi aka shimfiɗa a tebur, za a ga inda rana ta cinye launinsa. Faɗin tagar, tsawonta, har da ƙarafan da aka gitta mata, duk suna nan kamar an zana da alli. Mai Labule ta fi shekara ashirin tana karanta wannan zanen. Kafin mai kaya ya buɗe baki, ta riga ta san irin ɗakin da labulen ya baro.

A shekarar da abin ya faru, ta lura cewa labulayen da ake kawo mata a rage sun fi waɗanda ake cewa ta ɗinka sabbi. Manya ne, masu nauyi, na tagar falo mai faɗin taku uku. Sai mai shi ya ce a raba biyu, a rage tsawo, a ƙara shafi. Ragowar ƙyallen takan jefa a wani buhu da ke bayan keken ɗinki. A da buhun yakan shekara bai cika ba. A wannan shekarar sau uku tana juye shi tana ba masu yin matashin kai.

Shagonta ɗaki ɗaya ne na bulo, rufin kwano, a kusurwar filin da mahaifinsu ya bari. Tsohon ya sayi filin ne tun wurin yana bayan gari, abokansa suna tambayarsa ko da birai zai yi maƙwabtaka. Bai samu ya ɗora ko bulo ɗaya ba har ya rasu, filin ya zama nata ita da yayanta, su biyu kaɗai. Daga baya gari ya biyo filin. Aka yi titi, aka gina babban asibiti a gabas, aka kafa kamfanin yin kwalabe a yamma, tashar bas ta zo ta zauna kusan a ƙofar shagon.

Da ɗinkin kayan sawa ta fara, tana budurwa. Shekara huɗu ta yi ta ajiye. Ta gaji da matan da za a auna su yau, su dawo bayan wata biyu sun ƙara jiki, su ce tela ce ta ci yadi. Takan ce taga ba ta ƙiba, ba ta ramewa, kuma ba ta zuwa da ƙawa ta taya ta faɗa. A shagon nan ta yi rainon 'yarta guda, a cikin kwalin yadi da aka shimfiɗa wa bargo. A nan aka zo aka gaya mata rasuwar mijinta, mai gyaran rediyo, tana tsakiyar kalmasa, kuma sai da ta kai ɗinkin ƙarshen layi sannan ta tashi. 'Yar ta girma, tana aiki a wani gari, tana kira duk ƙarshen mako tana cewa a huta haka nan.

Mai Labule ba mai magana ba ce. Kullum da allurai uku ko huɗu a gefen bakinta, har matar yayanta takan ce ba don aiki take sa su ba, don kada a tambaye ta abu ne. Tana da ƙa'ida guda da ba ta taɓa karyawa ba: abin da ta gani a gidan mutane in ta je awo, a can take barinsa. Ta ga falon da ba kujera ko ɗaya amma an sayi labulen leshi mai hawa biyu. Ta ga miji da mata da kowa ya zaɓi launinsa daban don ɗakunansu daban. Ba wanda ya taɓa jin ko ɗaya daga bakinta.

Yaya ya yi shekara talatin da biyar yana tsaron sito a wani kamfani, mutum mai son kowane abu ya zauna a inda aka ajiye shi. Da ya yi ritaya aka ba shi kuɗin sallama a dunƙule. Ba su da yawa, ba su kuma yi kaɗan ba: sun isa gini guda, sau ɗaya. In ginin ya samu masu haya, shi da matarsa sun samu abin tsufa, ita ma tana da rabonta tun da filin nasu ne su biyu. In bai samu ba, ba wasu kuɗin da za su sake zuwa.

Wata safiya ya shigo shagon da takarda a naɗe, bayansa da dillalin unguwar, wanda kowa ke kira Saura Ɗaya, don duk gidan da ka tambaye shi sai ya ce maka an kama duka, saura ɗaya. Suka ture yadin da ke tebur suka shimfiɗa zane. Bene ne, gida biyu, sama da ƙasa, kowanne ɗaki uku da falo. Akwai baranda a sama. Akwai babban get, da wurin ajiye mota biyu. Ta bi zanen da ido har ta gano kusurwarta. A nan aka zana motocin.

Yaya ya yi saurin cewa ba a manta da ita ba, zai kama mata shago a layin teloli na kasuwa. Saura Ɗaya ya karɓe zancen. Ya ce masu haya iri uku ne a duniya: masu biya da murmushi, masu biya da ƙyar, da masu biya da labari. Mai hankali don na farko yake gini. Ya nuna farin benen da ke tsallaken titi da wayarsa, gida goma sha biyu, ya ce dubi can, ko taga ɗaya babu wadda ba labule.

Ta cire alluran daga bakinta, abin da ya sa Yaya ya ɗago.

"Yaya, su wa za su shiga?"

"Masu hali mana, Auta." Ta haura hamsin, amma a bakinsa har gobe Auta ce.

"Masu halin nan labulensu nake ragewa tun farkon shekara."

Ta nuna musu buhun. Ta ce mutane suna barin manyan gidaje suna komawa ƙanana, don haka ƙananan ɗakuna ya kamata a yi. Saura Ɗaya ya yi dariya har da dafa bango, ya ce uwar ɗakinsa ta buɗe ofishin bincike a cikin buhun tsumma. Yaya bai yi dariya ba. Ya naɗe takardarsa a hankali, ya ce, "Ki faɗi gaskiya kawai. Shagonki kike karewa."

Maganar ta zauna mata a ƙirji kwana da kwanaki, kuma abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta da tabbacin cewa ƙarya ce. Ta san hannunta. In yadi ya kusa kasawa, hannun yakan ja tef ɗin awo ya ɗan miƙe ba tare da ta ce masa ya yi ba, sai lissafi ya fito daidai, sai an rataye labulen a ga ƙasansa na rawa sama da inda ya kamata. Wa ya sani ko haka idonta ya yi da buhun? Ƙananan ɗakuna ba sa buƙatar wurin mota. In babu wurin mota, shago ya tsira. Abin ya yi daidai da son ranta har ya ba ta tsoro.

Ta roƙi Yaya sati uku kafin a kawo yashi. Ya ba ta, yana cewa dama mai tonon harsashin gini bai samu sarari ba.

A sati ukun nan ta yi abin da ya fi mata ɗaukar dutse wuya: ta riƙa yi wa mutane tambaya. Duk wanda ya shigo, bayan faɗi nawa tsawo nawa, sai ta ƙara da, a ina za a rataye? Wasu suka ɗauka ba ta da lafiya. Amma mutum in yana jiran a gama masa kalmasa, bakinsa sake yake, kuma ba a jima ba ta gane cewa rabin abin da ta gaya wa Yaya kuskure ne.

Masu manyan gidajen ba ƙananan ɗakuna suka koma ba. Sun bar unguwar ne gaba ɗaya, sun gudu daga hayaƙin bas da jiniyar kamfani zuwa sababbin unguwanni a ɗaya gefen garin, inda tagogi suka fi tsawo kuma tsohon labule ba ya shiga. Sai su sayar wa 'yan gwanjo. Waɗanda ke saye a gwanjo su kawo mata a rage wasu mutane ne daban.

Ta daɗe da sanin cewa ana gane mai saye daga abin da ya fara yi da yadi. Akwai mai murza shi tsakanin yatsu ya tambaya ko na waje ne. Waɗannan su ne na manyan falo, kuma a bana ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Akwai sababbin ma'aurata, masu fara duba sheƙi, taga biyu da ƙofa, su zauna shekara ɗaya haihuwa ta tashe su. Akwai ɗalibai, waɗanda ba sa taɓa yadin ma, igiya kawai suke saye su rataya zanen gado. Sai kuma wasu da ta daɗe tana gani ba ta taɓa ware su gefe guda ba. Su ba sa murzawa, ba sa duba launi. Ɗaukar yadin suke yi su fita bakin ƙofa, su ɗaga shi saitin rana, su kanne ido ɗaya su ga ko haske na ratsawa.

Ma'aikatan jinya ne, da masu gwajin jini, da masu tsaron injin kwalabe, da direbobin motar asibiti. Mutanen da ke aikin kwana su yi barci da rana. Albashinsu ba ya yankewa, ba su da mota, yawancinsu mutum ɗaya ne ko biyu. Kusan dukansu daga nesa suke zuwa, tafiyar awa guda a bas, don kusa da wurin aikin babu abin da ke tsakanin gida mai ɗaki uku da ba su iya biya, da ɗaki a gidan hayar mutum goma sha biyar mai banɗaki ɗaya, inda yara ke buga ƙwallo da bangonka tun daga hantsi. Ta tambayi goma sha tara. Goma sha shida sun ce da za su samu ɗaki mai banɗakinsa da ɗan wurin girki, wanda za su taka da ƙafa daga aiki, da sun ƙara kuɗi a kan abin da suke biya, tun da na bas zai zauna a aljihu.

Saura maganar farin bene. Nan ne ƙa'idarta ta tsaya mata a gaba. Labulayen da ke tagogin benen ita ta ɗinka su, shekara biyu da suka wuce, guda ashirin da huɗu, launi ɗaya, yadi mafi arha, ba shafi. Saura Ɗaya ne ya kawo aikin ya ce a yi sauri. Ba ta taɓa shiga benen ba kuma ba ta tambaye shi dalili ba, amma daga kan kekenta tagogin suke kallonta kullum. Faɗa wa Yaya wanda ya kawo aikin tona asirin mai kaya ne. Barinsa ya zuba kuɗin sallamarsa a kan abin da idonsa ya nuna masa kuma ba abin da za ta iya ba ne.

Sai ta ce masa ya zo ya taya ta zama ranar Talata, tun da sassafe, tana da abin nuna masa. Ta fito da benci ƙofar shago, ta zuba masa shayi, ta ce ya kalli tagogin can ya gaya mata labule nawa za su motsa.

Yaya mutumin sito ne, ƙirga ba ta gundurarsa. Ya zauna. Kafin ya shanye kofin farko, ƙofar asibiti ta fara amayo mutane, jiniyar kamfani ta yi kuka, tashar bas ta cika da masu jajayen idanu. Wata ta jingina da ƙarfen alama tana gyangyaɗi a tsaye. Wani ya zauna a kan jakarsa ya rufe fuska da hula. Bas uku suka cika suka tafi, aka bar wasu. Yaya ya kalle su, ya mai da ido kan benen.

Zuwa tsakar rana, gida uku ne aka ɗaga wa labule. A ɗaya wata mata ta shanya tawul. Sauran tara suna nan yadda suke, ninkinsu bai canja ba, kuma da rana ta miƙe sai aka ga duk sun koɗe iri ɗaya, wuri ɗaya.

"Wa ya ɗinka waɗancan?" in ji Yaya.

Ta mai da allurai bakinta.

Ana haka sai ga Saura Ɗaya zai wuce, takalmi na sheƙi, waya a kowane hannu. Yaya ya kira shi ya nuna masa wurin zama a benci, ya tambaye shi cikin ladabi ko mutanen gida taran can duk tafiya suka yi. Dillalin ya kalli benen, ya kalli Mai Labule, ita kuwa tana zura zare. Ya ce ai ado ne kawai, gida ba labule kamar fuska ce ba gira. Da ya ga Yaya bai murmusa ba, sai ya gyara zama ya ce shi dama tun farko ransa bai kwanta da bene ba, ƙananan ɗakuna ne ke tafiya yanzu, kuma in aka yi, shi yana da mutum goma a hannu.

"Ba saura ɗaya ba?" in ji Yaya.

Bayan dillalin ya tafi, Yaya ya daɗe yana juya kofin a hannunsa. Sai ya ce shi barandar ce ke ransa. Tun yana yaro, da ake yi wa Baba dariyar filin nan, ya ƙudurta wata rana zai tsaya a sama a wurin ya kalli titi. Ta ce ta sani. Ya ce to, ba a cin baranda.

Sabon zane ya zo bayan kwana goma. Ɗaki takwas, huɗu na kallon huɗu, kowanne da banɗakinsa da wurin girki, tagogi ƙanana masu kallon tsakar gida, ƙofar shiga ta mutum ɗaya. A kusurwar gaba mai zanen ya bar ɗan murabba'i, ya rubuta shago a ciki. Yaya ya ɗora yatsa a kai ya ce ga ta nan, ta ci nasara, a daina kumbura baki. Ta ɗauki zanen ta manna shi a bango saman keke. Ranar har ta saya wa shagon sabon ƙwan fitila, ta fara tunanin fenti.

Kwana goma sha ɗaya ta yi cikin wannan jin daɗin.

A rana ta goma sha biyu, tana durƙushe tana buga zobban labule, sai wata nas ta ɗakin haihuwa ta shigo, doguwar mace mai dariya a hanci, wadda ta fi shekara shida tana kawo mata aiki. Buga zobe aiki ne na guduma: a huda yadi, a ɗora zobe a kan ƙarfe, a doka sau uku. Labule ɗaya yana cin zobe takwas zuwa goma, kuma yanzu kowa mai zobe yake so. Nas ɗin ta jira ta kai ƙarshen layi, sannan ta ce ta ji labari, ta zo a rubuta ta a ɗakin farko tun kafin Saura Ɗaya ya ce an kama.

Ta zauna a kan naɗin yadi tana ba da labarin ƙaurarta. Sau uku ta tashi a shekara shida. Gidan farko injin niƙa ya kore ta, na biyu makarantar yara, na uku wani kafinta da ya buɗe a bayan bangonta, mutumin kirki, har kujera ya gyara mata kyauta, amma ta kai tana jin ƙusarsa a cikin haƙoranta. Ta ce wata rana bayan kwana uku ba barcin kirki, ta tsinci kanta tana karanta sunan magani sau huɗu ba ta gane ba, a ranar ta nemi wani ɗakin.

"Haske mai sauƙi ne, Inna, kin gama mana da shi. Ƙara ce ba ta da labule." Ta miƙe tana gyara jaka, ta dubi gudumar, ta dubi ƙaramin janaretan da ke bakin ƙofa, ta tambaya da zuciya ɗaya: "Ke kuma ina za ki koma in an gama? Kada ki yi mana nisa."

Mai Labule ta ce ba a tsai da magana ba tukuna.

Da nas ɗin ta tafi, ta kira maƙwabcinta mai gyaran takalmi. Ta ba shi gudumar da wani tsohon yadi, ta tayar da janareta, ta ɗaure fedar keken da ƙyalle ya riƙa gudu shi kaɗai, ta ce ya yi ta bugawa har ta dawo. Ya tambaya ko lafiya, ta ce gwaji ne. Ta zagaya cikin filin tana ƙirga taku. Ashirin da biyu ya kai ta bangon ƙarshe, inda ɗaki na takwas zai zauna, mafi nisa duka. Ta zauna a kan wani dutse, ta rufe ido, ta sa gyalenta ta toshe kunne kamar mai son barci.

Uku, shiru. Uku, shiru. Tana jin kowace doka, har tana gane wadda ya karkace. A ƙarƙashinsu janareta na gurnani, keke na ƙara kamar ɓarin tsakuwa. Shekara ashirin da shida tana cikin wannan ƙarar ba ta taɓa jin ta ba, don ita ke yin ta.

Ba ta sallama nan take ba. Kwana huɗu tana neman hanya. Ta ninka bargo a ƙarƙashin ƙarfen, zobban suka riƙa lanƙwashewa. Ta fito da tsohon keken ƙafa, kafin azahar gwiwoyinta suka tuna mata shekarunta. Ta yi tunanin ta riƙa buɗewa da yamma kawai, amma masu barcin daga ƙarfe tara zuwa huɗu suke kwance, kuma lokacin ne aikinta, lokacin ne idonta ke ganin zare. Ta tambayi mai zane ko bango mai kauri zai tare, ya ce zai rage, amma tagogin duk tsakar gida suke kallo, kuma tsakar gida a bayan shagonta ta fara.

Ba wanda ya sani sai ita. Yaya ya riga ya ba da kusurwar da hannunsa. Za a yi ginin, ɗakunan za su cika a sati ɗaya, wannan ba ta shakka. Amma ta san mutanen nan yanzu. Ba za su yi faɗa ba, za su gaishe ta da safe, su kawo mata aiki, shekara na cika su tattara. Kuma duk a wuri biyu suke aiki. Abin da nas ɗaya ta sani da safe, asibitin duka ya sani kafin yamma. Gidan zai yi suna, ya koma hannun masu biya da labari. Ita ce ta janye Yaya daga barandarsa saboda mutanen nan. In ta zauna a kusurwar, abin da ya faɗa a ranar farko ya tabbata ke nan.

Ta sami Yaya a filin ranar da aka kawo yashin farko, yana ƙirga bulo da sanda. Ta miƙa masa zanen da ta cire daga bango, ta nuna murabba'in, ta ce a mai da shi wurin wanki da shanya, a ɗora tankin ruwa a sama. Ya ɗauka wasa take. Da ta gaya masa zancen gudumar da taku ashirin da biyu, sai ya ajiye sandar. Ya ce ai za su saba. Ya ce a rage musu haya kaɗan. Ya ce Baba ne ya nuna mata kusurwar nan da bakinsa.

"Auta, wata biyu ina so in tashe ki kin ƙi. Yanzu ina so ki zauna kin ƙi. Ke wace irin ƙanwa ce?"

"Irin wadda ka raina, Yaya."

"Ni na ce shagonki kike karewa. Na janye. Sai kin rushe shi za ki yarda na janye?"

"Ba don maganarka ba ce. Na je na zauna a can na ji."

Ya dubi bangon ƙarshe, ya dubi shagon, kamar yana auna tazarar da kansa. Ya ɗauki sandarsa ya ci gaba da ƙirga, ya ɓata, ya koma farko. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, shagon layin teloli shi zai kama, kuma kada ta kuskura ta yi masa musu a kan wannan.

Shagon da aka samu ya fi nata ƙanƙanta. Teburin yanka sai da aka rage masa ƙafa biyu na tsawo kafin ya shiga. Hagu da dama duk kekuna ne, ba mai jin gudumar wani. Tagarsa guda ce, 'yar ƙarama, tana kallon bayan shagon mai sayar da maɓallai. Daga nan ba a ganin tashar bas, ba a ganin farin bene. Matar Yaya ta zo taya ta jera kaya, ta ce yanzu ta shigo cikin mutane dole ta koyi gulma, ko ta ƙara allurai.

Ranar da aka gama kwashe kayan, abu na ƙarshe da ta cire daga tsohon shagon shi ne labulen tagarta, wani shuɗi da ta ɗinka tun 'yarta na rarrafe. Ta tafi da shi a hammata. Da yamma, bayan matar Yaya ta tafi, ta shimfiɗa shi a tebur ta bayansa. Tagar tana nan, da ƙarafanta biyar, da inda gilashi ya taɓa fashewa aka liƙe da kwali. Ta auna sabuwar tagar sau biyu, ta ja layi da alli, ta yanke. Ta yi kalmasa, ta rataye shi, ta jefa ragowar a buhu.